Na kusa tuɓe kaki, da me za a san ni a cikin farar hula?

Tambayar ta fito ne daga wani samanja wanda ya shafe fiye da shekara ashirin cikin aikin soja, mafi yawansu a sashen kula da kayan aiki da sufuri, kuma 'yan watanni suka rage masa ya yi ritaya. Ya ce tun yana matashi ba a san shi da komai ba sai kaki da muƙami, ga shi yanzu kowa yana gaya masa cewa sai ya gina sunansa ya tallata kansa kafin ya samu aiki ko ya kafa sana'a. Bai san ta inda zai fara ba, kuma a ransa yana ganin tallata kai fahariya ce wadda ba ta dace da tarbiyyar soja ba.

Yallaɓai, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa a gama lafiya. Tambayarka guda biyu ce a haɗe, kuma ya kamata mu raba su tun da wuri. Ta farko ita ce wane ne kai idan aka ɗauke kaki da muƙami da lambar aiki. Ta biyu kuwa ita ce da me kake so mutanen da ba su taɓa shiga bariki ba su san ka. Yawancin waɗanda na yi aiki da su a kan shirin komawa rayuwar farar hula suna tsallake ta farko su faɗa wa ta biyu: a buga kati, a buɗe shafi a intanet, a liƙa hoto da kaki, a sa muƙami kafin suna da "mai ritaya" a bayansa, sannan a zauna jiran kira. Kiran kuwa bai cika zuwa ba. Ra'ayina, wanda duk abin da zan faɗa ya dogara a kansa, shi ne sunan da zai riƙe ka bayan ritaya yana fitowa ne daga matsalar da ka warware wa mutane har suka shaide ka a kanta. Muƙami yana iya sa a ba ka kujera a saurare ka sau ɗaya, amma aikin da ka yi ne zai sa a sake nemanka.

Bari mu fara da dalilin da ya sa tuɓe kaki ya fi barin aikin ofis nauyi, domin wanda bai fahimci wannan ba yakan ɗauka shi kaɗai ne ya gaza. A 1961 masanin zamantakewa Erving Goffman ya yi bayanin wasu irin cibiyoyi da suke haɗiye rayuwar mutum ɗungurungum, inda barci da aiki da hutu duk suke gudana a wuri ɗaya ƙarƙashin hukuma ɗaya, kuma ya lissafa barikin soja a cikinsu. Tun ranar da ka shiga a matsayin kurtu aka aske maka kai, aka ba ka lamba, aka koya maka sabuwar tafiya da sabuwar gaisuwa, daga nan kuma rundunar ce take amsa maka tambayoyin da sauran mutane suke fama da su kullum: ƙarfe nawa zan tashi, me zan sa, wa zan fara gaisarwa, su wa ne abokaina, ina matsayina a cikin jama'a. Soja idan ya shiga ɗaki, kallo ɗaya yake yi wa kafaɗu da hannuwan riguna ya san wanda yake sama da shi da wanda yake ƙasa. A cikin farar hula babu wannan alama, kuma mutumin da ya fi kowa ƙarfin faɗa a ji a wurin taro yana iya zama wanda ya fi kowa ƙarancin shekaru. A makonnin farko bayan sallama jikinka zai tashe ka da asuba kamar yadda ya saba, ka zauna a bakin gado takalmi a goge, amma babu fareti, babu wanda yake jiran rahotonka, babu yaron da zai ƙame idan ka wuce. Wannan kewa gaskiya ce, kuma ba rauni ba ce. Binciken da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a 2011 ya nuna kashi 27 cikin ɗari na tsofaffin sojojin ƙasar sun ce komawa rayuwar farar hula ta yi musu wuya, a cikin waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuwa adadin ya kai kashi 44.

Helen Rose Ebaugh, wadda ita kanta ta taɓa zama sista a cocin Katolika kafin ta fita ta zama malamar jami'a, ta wallafa bincike a 1988 a kan mutanen da suka bar wani matsayi da aka san su da shi. Ta gano cewa tsohon matsayin ba ya gushewa ranar da aka bar shi. Ragowarsa tana bin mutum, jama'a ma suna ci gaba da kallonsa da shi, kuma mataki na ƙarshe na fita shi ne mutum ya gina sabon kansa wanda ya ƙunshi tsohon matsayin ba tare da ya zauna a cikinsa ba. A nan ne tsofaffin sojoji suke rabuwa gida biyu na kuskure. Akwai wanda jikinsa ya fita amma zuciyarsa tana bariki, kowace hira sai ta koma fagen daga, kowane farar hula a wurinsa malalaci ne marar tsari, yana ba iyalinsa da abokan aikinsa oda. Akwai kuma wanda ya gaji ko aka ɓata masa rai, ya ƙudura ba zai ƙara ambaton soja ba, sai ya bar ramin shekara ashirin a tarihin aikinsa. Na farkon ya fi yawa, amma na biyun ya fi ba ni tausayi, domin yana zubar da dukiyar da ya sha wuya kafin ya tara.

Hanyar da take tsakanin waɗannan biyu tana farawa ne da rarrabe abin da aka ara maka da abin da yake naka. Muƙami, ikon ba da oda, kaki, katin shaida, gidan bariki, duk na hukuma ne, za a karɓe su ko a rage musu ƙarfi, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ba za a iya karɓewa ba shi ne abin da ka iya da halin da aka san ka da shi. Don ka gano su, ka ɗauki takarda ka rubuta lokuta kamar goma da al'amura suka dagule aka ce a kira wane, wato kai. Kada ka rubuta muƙaman da ka riƙe; ka rubuta abin da ya faru, me ya lalace, me ka yi, yaya aka ƙare. Wataƙila ayarin motoci ne ya maƙale ka samo hanyar kai mai da abinci cikin dare, wataƙila ma'ajiya ce da kaya suke ɓacewa a cikinta shekara da shekaru ka tsara mata lissafin da ya toshe ɓarakar, wataƙila wani yaro ne da kowa ya fid da rai da shi ka riƙe shi har ya zama abin misali. Bayan haka ka tambayi mutum uku da ka yi aiki a ƙarƙashinsu da uku da suka yi aiki a ƙarƙashinka tambaya ɗaya: idan me ya taso kuke tunawa da ni? Ka fi kasa kunne ga amsar na ƙasa, domin su ne suka ga halinka a ranakun da babu mai duba ka. Abin da ya yi ta maimaituwa a takardarka da bakunansu shi ne harsashin da za ka ɗora suna a kai.

Yanzu ga batun da ya fi damunka, wato tallata kai. Wannan magana ta mutum ya ɗauki kansa kamar tambarin kamfani ta bazu ne bayan wata maƙala da Tom Peters ya rubuta a mujallar Fast Company a 1997, kuma tun daga lokacin an yi ta cusa mata hayaniya har ta zama kamar gasar ɗaukar hoto. Idan aka share hayaniyar, abin da ya rage mai sauƙi ne: mece ce maganar da ake yi a kanka idan ba ka wurin, kuma shin ta yi daidai da aikin da kake nema? Kowa yana da irin wannan suna, ko ya kula da shi ko bai kula ba. Idan ka yi shiru, mutane za su cike gurbin da abin da suke zato game da soja, zaton nan kuwa sau da yawa bai wuce mai tsawa, mai jiran oda, wanda bai dace da komai ba sai gadi.

Na yarda da kai cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba zan ce ka koyi cika baki ba. Amma akwai abin da ka fi yawancin farar hula iyawa, shi ne ba da rahoto: a taƙaice, a bayyane, ba ƙari ba ragi, ga halin da aka samu, ga matakin da aka ɗauka, ga sakamako. Mai ɗaukar aiki ko mai son ƙulla ciniki da kai yana da yanke shawara a gabansa, kuma yana buƙatar sahihin rahoto a kan mutumin da zai damƙa wa dukiyarsa. Idan ka ɓoye abin da ka iya saboda kunya, ka ba shi rahoto mai giɓi, wanda ba za ka yarda wani kofur ya kawo maka irinsa ba. Wurin da na fi ganin wannan shi ne ganawar ɗaukar aiki. Na taɓa zama da wani tsohon saje muna gwaji kafin ya je tasa ganawar. Duk tambayar da na yi masa sai ya ce mun yi kaza, an tura mu kaza, rundunarmu ta samu yabo. Da na ce masa to kai me ka yi da hannunka, sai ya yi shiru yana kallon tebur, can ya ce shi ne ya tsara jadawalin gyaran motocin gaba ɗaya, shi ne kuma ya horar da direbobin. Wannan ita ce amsar da masu ɗaukar aikin suke nema, shi kuwa ya binne ta ƙarƙashin "mu". Ba laifi ka ambaci jama'arka, hakan ma yana nuna hali na gari, amma a kowane labari ka tabbata an ji jimla ɗaya da ta fara da "ni ne na".

Sai kuma harshe. Takardar tarihin aikinka za ta faɗa hannun mutumin da bai san bambancin bataliya da birged ba, kuma ba zai tsaya tambaya ba. Idan ka rubuta cewa kai ne samanja mai kula da kwatamasta na bataliya kaza, a wurinka ka faɗi babban abu, a wurinsa ba ka ce komai ba. Ka rubuta masa cewa ka kula da abinci da sutura da kayan aiki na mutum ɗari bakwai a wurare huɗu, ka shugabanci ma'aikata talatin, ka riƙe motoci arba'in a kan hanya, kuma an binciki lissafinka sau da yawa ba a samu giɓi ba. Ka sa ainihin alƙalumanka a gurbin waɗannan, matuƙar ba sirri ba ne. Ka cire duk gajerun haruffan da ba a sani ba sai a bariki. Ka ba wani farar hula da ka amince da shi ya karanta, duk inda ya ɗaga kai ya ce me ake nufi, ka sake rubuta wurin. Ka kuma sani cewa mai ɗaukar aiki yana da fargabar da ba zai furta ba: ko za ka iya aiki a ƙarƙashin matashi ko mace, ko za ka iya shawo kan mutanen da suke da ikon ce maka a'a, ko za ka iya motsi ba tare da an ba ka umarni ba. Ka shirya labarai na gaskiya da suke amsa waɗannan tun kafin a tambaya, musamman lokutan da ka yi hulɗa da 'yan kwangila ko shugabannin al'umma ko jami'an wasu hukumomi, inda muƙaminka bai yi maka aiki ba sai lallashi da haƙuri.

Ina so in ja hankalinka a kan wani rami da ake tura kusan kowane tsohon soja, wato aikin tsaro. Sana'a ce mai daraja ga wanda ya zaɓe ta kuma ya ƙware a cikinta, amma kai shekarunka a kan kaya da sufuri ka yi su, fannin da kamfanonin rarraba kaya da masana'antu da asibitoci da ƙungiyoyin agaji suke neman masu shi ido rufe. Fred Smith ya yi aiki da rundunar Marine ta Amurka, ya je Biyetnam sau biyu, sannan ya kafa kamfanin kai saƙo da kaya na Federal Express a 1971. Ya sha faɗin cewa a soja ya koyi shugabanci, amma duniya ta san shi ne da kai saƙo a kan lokaci. Sojancin ya zama tushe, sunan kuwa ya tsaya a kan hidimar da mutane suke biya. Kai ma kana buƙatar jimla ɗaya irin wannan, wadda za ka iya faɗa a tsaye cikin numfashi ɗaya kuma wanda ya ji zai iya maimaita wa wani: ina taimaka wa kamfanonin da suke da ma'ajiya da motoci su daina asarar kaya kuma su kai shi a kan lokaci, na yi wannan aikin fiye da shekara ashirin a soja. Ka lura da inda soja ya zo a jimlar, a ƙarshe, a matsayin hujja. Za ka ji kamar ka taƙaita kanka, tunda ka iya horarwa, ka iya shugabanci, ka iya tsaro. Amma wanda ya ce ya iya komai ba a tuna shi idan wata buƙata ta musamman ta taso, kuma sauran abubuwan da ka iya za su bayyana da kansu bayan an buɗe maka ƙofa.

Takardar shaidar farar hula tana taimakawa, domin tana tabbatar wa wanda bai san kwasa-kwasan soja ba cewa an auna ka da ma'aunin da ya sani. A fanninka akwai ta cibiyar CILT ta harkar sufuri da jigilar kaya, akwai PMP ta tafiyar da ayyuka, akwai NEBOSH ta kiyaye lafiya da haɗurra a wurin aiki. Ka zaɓi ɗaya da ta dace da jimlarka, kada ka ƙarar da garatuti wajen tara takardu.

Kada kuma ka jira sai ka gama tantance sabon kanka a zuci kafin ka motsa. Herminia Ibarra, wadda ta daɗe tana nazarin masu sauya sana'a a tsakiyar rayuwa, ta nuna cewa mutane sun fi gano abin da ya dace da su ta hanyar gwada ƙananan abubuwa, tunanin yana biyo bayan aikin. Ƙasashe da dama sun gina shirye-shiryensu a kan wannan: Amurka tana da SkillBridge, wanda yake ba soja damar yin har zuwa kwanaki 180 na ƙarshen aikinsa yana koyon aiki a kamfani albashinsa na tafiya, Birtaniya tana da Career Transition Partnership, Indiya tana da hukumar sake tsugunar da tsofaffin sojoji, Najeriya tana da cibiyar koyar da sana'o'i ta sojoji masu ritaya a Oshodi. Duk abin da rundunarka take bayarwa ka karɓe shi da gaske, kada ka ɗauke shi hutu. Idan kuma ka samu dama ka duba wa wani ƙaramin kamfani ma'ajiyarsa ko ka taimaka wa wata ƙungiya da tsarin rabon kaya, ko da ladan kaɗan ne, ka yi, bayan ka tabbatar dokar aikinka ta yarda. Aiki ɗaya da farar hula zai ce na gani da idona ya fi shafi goma na bayani.

Wannan ya kawo mu ga mutane, wanda a ganina shi ne wurin da tsohon soja ya fi rauni alhali yana zaton nan ya fi ƙarfi. Kana da abokai da za su tsaya maka ko ana ha maza ha mata, amma kusan dukkansu sun san juna, labari ɗaya suke ji, ƙofofi ɗaya suka sani. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya yi nazarin yadda ma'aikata a wani gari kusa da Boston a Amurka suka samu ayyukansu, ya wallafa a 1973 cewa a cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, mafi yawa ta hannun mutanen da ba su cika haɗuwa da su ba ne, domin su ne suke yawo a da'irar da kai ba ka ciki. Saboda haka ƙungiyar 'yan mazan jiya tana da amfani ga zuciya, ka riƙe ta, amma sabon sunanka zai yaɗu ne ta bakin tsohon abokin makaranta, da ɗan kwangilar da ya taɓa kawo muku kaya ya ga gaskiyarka, da tsohon sojan da ya riga ka fita da shekara biyar ya kafu a wani kamfani. Zumunta a ƙafa take. Ka je musu, kuma kada ka fara da roƙon aiki, domin wanda ba shi da aikin bayarwa zai ji nauyi ya riƙa guje maka. Ka nemi su ba ka minti ashirin su bayyana maka yadda fanninsu yake tafiya, me yake ci musu tuwo a ƙwarya, wa kuma ya kamata ka gani bayansu. Ka saurara fiye da yadda kake magana, ka koma ka yi godiya, ka sanar da su abin da ya biyo baya.

Game da intanet, abin da ake buƙata bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Shafi ɗaya mai tsabta a LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki, ya isa farawa: hoto da kayan farar hula, jimlar nan taka a sama, tarihin aiki da harshen da kowa zai gane. Ka duba tsofaffin rubuce-rubucenka a Facebook da sauran wurare ka share abin da ba za ka so mai ɗaukar aiki ya gani ba, domin zai duba. Idan kana da sha'awar rubutu, ka riƙa rubuta gajeren abu a kan abin da ka sani da hannunka, kamar yadda ake gano ɓatan kaya a ma'ajiya ko yadda ake tsara gyaran motoci kafin su lalace. Sau biyu a wata da ɗorewa ya fi kullum na mako uku sannan a ɓace.

Haɗurran da suke nan su ne nake so ka ɗauka da muhimmanci, domin kuskure ɗaya a cikinsu yana rushe abin da aka daɗe ana ginawa. Rantsuwar riƙe sirri ba ta yin ritaya tare da kai. Ƙasashe da yawa suna da dokar sirrin gwamnati da take bin mutum har ƙarshen rayuwarsa. Matt Bissonnette, ɗaya daga cikin sojojin Amurka da suka kai farmakin da aka kashe Osama bin Laden a 2011, ya wallafa littafi a 2012 ba tare da ya miƙa shi hukuma ta duba ba, a 2016 kuma ya amince ya miƙa wa gwamnati fiye da dala miliyan 6 na abin da ya samu. Sirri ma yana fita ba da niyya ba: a farkon 2018 aka lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta fitar tana nuna fasalin sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda kawai sojoji suna gudu ba su kashe na'urorinsu ba. Kafin ka sa tsohon hoto ko ka ba da labarin wani aiki, ka tambayi kanka ko akwai wanda har yanzu yake bakin daga da hakan zai iya cutarwa. Hotunan kaki kuma 'yan damfara suna yawan satar su su buɗe shafukan bogi su yaudari mutane da sunan soyayya ko kasuwanci, wannan ma dalili ne na taƙaita su.

Kada ka ƙara wa tarihinka ko da igiya ɗaya, ko lambar yabon da ba a ba ka ba, ko yaƙin da ba ka je ba. A Amurka dokar 2013 ta mai da shi laifi mutum ya yi ƙaryar samun wasu lambobin yabo na soja don ya ci riba, amma ko inda babu irin wannan doka, waɗanda kuka yi aiki tare suna raye kuma suna karantawa. Haka nan ka yi hattara da jan da ake yi wa tsofaffin sojoji su zama masu sharhi a kan tsaro da siyasa a kafafen watsa labarai. Yana kawo suna da sauri, amma sunan da yake kawowa ba shi ne wanda mai kamfanin jigilar kaya yake nema ba, kuma idan ka yi magana a kan abin da ba fanninka ba ne, waɗanda suka sani za su gane. Za a kuma zo maka da tayin a sa sunanka da muƙaminka a takardar wani kamfani, ko ka raka wani karɓar bashi ko rikicin fili, a ce ba sai ka yi komai ba, kasancewarka kawai ake so. Duk wanda yake son muƙaminka ba tare da aikinka ba, yana so ne ya tsorata wani ko ya rufe wata ɓarna da mutuncinka. Ka bincika dokar ƙasarka a kan sa kaki da amfani da muƙami bayan ritaya, domin a wurare da yawa an taƙaita su, musamman a harkar kasuwanci da siyasa.

Akwai ɓangaren da ba ya shiga takardar neman aiki amma komai yana tsaye a kansa. Shekarun da kake yawon aiki, iyalinka sun kafa tsarinsu, uwargida ta riƙe gida, yara sun girma da nasu ra'ayi. Ka shigo a matsayin miji da uba, ka ba kanka lokaci ka koyi yadda gidan yake tafiya kafin ka ce za ka gyara shi. Ka nemi wani wuri ban da aiki inda ake buƙatarka, ko koyar da matasa ne ko hidimar al'umma, domin mutumin da ya rataya darajarsa duka a kan aiki ɗaya zai sake faɗawa cikin wannan rami ranar da aikin ya ƙare. Idan kuma barci ya ƙi, ko fushi yana zuwa ba dalili, ko abubuwan da ka gani suna dawo maka, ka ga likita da wuri kamar yadda za ka kai masa karaya. Ana magance waɗannan, kuma barinsu yana cin aiki da aure tare.

Ka sa a ranka cewa aikin farko yana iya zama ƙasa da inda ka baro, kuma wanda zai duba aikinka yana iya zama sa'an ɗanka. Ka karɓa idan yana kan hanyar da ka zaɓa. Abubuwan da kake ɗauka ba komai ba ne, zuwa a kan lokaci, cika alkawari, rubuta lissafi dalla-dalla, tsayawa da natsuwa idan kowa ya rikice, ɗaukar laifi idan naka ne, su ne abokan aikinka za su fara lura da su, kuma su ne za su faɗa idan aka tambaye su kai wane ne. Duk aikin da ka kammala da kyau, ka nemi a rubuta maka shaida a takarda ko a shafinka tun abin yana sabo a zuciyar mai shi.

A watannin da suka rage maka kuwa, akwai aikin da ba zai jira ba. Ka tattara takardun duk kwasa-kwasan da ka yi, da rahotannin da shugabanninka suka rubuta a kanka, da bayanan lafiyarka na asibitin soja, musamman duk raunin da ka samu a bakin aiki, ka yi kwafinsu ka adana a wuri biyu. Ka nemi hafsoshi biyu ko uku da suka san aikinka sosai su rubuta maka takardar shaida da harshen da farar hula zai fahimta, ka karɓi lambobinsu na kansu, domin ana yi musu sauyin wurin aiki kuma lambar ofis ba ta bin mutum. Ka bi takardun fansho da garatuti ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka da ranar shigarka aiki sun yi daidai a ko'ina. Duk waɗannan suna da sauƙi yau da kake da katin shiga kowane ofis. Bayan ka miƙa katin, takardar da za ka karɓa cikin awa ɗaya tana iya cin watanni.